Orkid mai fuka-fuki: me ke kashe shi a tukunya, me kuma ke hana shi sake fure?

Duk wanda ya taɓa shiga manyan kantuna a Landan ko Dubai, ko shagunan furanni na Abuja da Legas, ya ga wannan tsiro ko da bai san sunansa ba. Ganye huɗu ko biyar masu kauri a gindi, sai wani siririn kara da aka tallafe da tsinke, furanni farare ko masu ruwan hoda jere a kansa, kowanne ya baje kamar fuka-fukin malam-buɗe-littafi. A 'yar takardar da ke maƙale da shi za ka ga an rubuta Phalaenopsis. Cikin dangin furannin da ake kira orkid kaf shi ya fi shiga gidajen mutane, kuma sau da yawa kyautarsa ake kawo wa mutum, ba shi ya je nema ba.

Abin da ke biyo baya kusan ɗaya ne a ko'ina. Wata biyu ko uku furen na nan daram, har baƙo ya taɓa ya ji ko na roba ne. Daga nan ya fara zuba ɗaiɗai. Mai shi ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Ganye ya yi laƙwas ya yamutse, ya sake ƙara ruwa. Kafin wata shida tukunyar ta tafi bola, an kuma yanke hukunci cewa orkid ba abin rainon kowa ba ne.

Hukuncin bai yi wa tsiron adalci ba. Zubar fure lokacinsa ne ya yi, kuma wanda ya sami kulawa daidai yana iya haura shekara 10 yana fure. Abin da ke kashe shi a hannun sabon shiga galibi ɗaya ne: ana yi masa rainon tsiron da ya saba zaman ƙasa, alhali shi saiwarsa iska take buƙata kamar yadda take buƙatar ruwa.

Asalinsa kan bishiya ne

Carl Ludwig Blume, masanin tsirrai da ya yi aiki a tsibirin Java zamanin mulkin mallakar Holan, shi ya raɗa masa sunan Phalaenopsis a 1825. Nau'o'insa na daji sun kai wajen 70, warwatse daga Indiya da kudancin Sin zuwa Taiwan, Filifin, Malesiya, Indonesiya, har arewacin Ostireliya. Ɗaya daga cikinsu, fari tas mai suna amabilis, yana cikin furanni uku da Indonesiya ta ɗauka a matsayin furannin ƙasa, kuma jininsa na cikin yawancin fararen da ake sayarwa yau. A can mahaifarsa, cikin dazuzzuka masu ɗumi da laima, reshen bishiya yake samu ya manne a ƙarƙashin inuwa, saiwoyinsa su bi ɓawon bishiyar su kwanta, wasu su yi ta reto a iska.

Bahaushe in ya ji tsiro a kan bishiya, kauci ne zai faɗo masa a rai. Akwai bambanci babba. Kauci huda reshe yake yi ya sha ruwan jikin bishiyar, shi ya sa ya zame wa kaɗanya da ɗorawa annoba. Orkid kuwa wurin zama kawai ya ara. Ruwansa daga sama yake zuwa, abincinsa ɗan abin da ruwan ya wanko ne na ruɓaɓɓen ganye da kashin tsuntsaye da ƙura. A sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, saiwoyin su jiƙe sharkaf, bayan 'yan sa'o'i iska ta busar da su. A kan wannan jiƙa da bushewa aka gina jikinsa.

Dubi saiwar da kyau. Kauri gare ta, launinta azurfa-azurfa idan ta bushe. Wannan farin da kake gani riga ce ta matattun ƙwayoyin halitta masu ramuka, masana na ce mata belamen, da ruwa ya taɓa ta cikin daƙiƙoƙi ta zuƙe ta riƙe. Ƙarƙashinta akwai tsoka mai rai, koriya, wadda ke sarrafa hasken rana kamar ganye, a can tsakiya kuma wani zare mai tauri da ruwa ke bi ya hau. Idan rigar ta jiƙe, koren ciki sai ya bayyana. Wato tsiron da kansa yake gaya maka halin da yake ciki: saiwa kore shar, ya ƙoshi, ta koma azurfa, a kawo ruwa.

Ganyen ma da nasa tsarin. Galibin tsirrai da rana suke buɗe ƙofofin numfashi, su shaƙi iskar kabon, ruwan jikinsu kuma ya yi ta fita ta nan. Shi wannan da dare yake buɗewa, kamar yadda abarba ke yi, ya tara iskar a jikinsa, da rana ya rufe ya sarrafa ta. Dabarar tana tsimin ruwa ƙwarai, amma tana sa girma ya yi nawa. Ganye ɗaya ko biyu a shekara, shi ke nan. Sabon ganyen kuma daga wuri ɗaya tak yake fitowa, wani ɗan kwarmi a tsakiyar tsiron, wanda za mu kira zuciyarsa. A daji a karkace yake rataye, ganye na kallon ƙasa, ruwa ba ya kwana a kwarmin. Mu ne muka tsayar da shi cak don ya yi kyau a kan tebur, kwarmin ya koma matattarar ruwa. Ruwa ya kwana a ciki sau 'yan kaɗan, musamman da sanyi, sai zuciyar ta ruɓe, ka ɗan ja ganyen sama ya biyo hannunka.

Tukunyar da ya zo da ita ba don kai aka shirya ta ba

Yadda aka yi ya cika kantuna labarin kimiyya ne da kasuwa. Irin orkid ƙura-ƙura ne, babu guzurin abinci a cikinsa, a daji sai ya gamu da wata funfuna ta musamman kafin ya tsiro. A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna ana iya tsirar da shi cikin kwalba, a kan wani haɗi mai sukari da sinadaran abinci, ba tare da funfunar ba. A 1949 Gavino Rotor, ɗan Filifin da ke karatu a jami'ar, ya fitar da sababbin tsirrai daga gaɓoɓin karan furen. Irin waɗannan dabaru ne suka kai mu yau, inda ake ɗaukar tsiro ɗaya mai kyau a yi kwafinsa dubbai a ɗakin gwaji. Taiwan da Holan suka yi fice a sana'ar. A 2004 Amurka ta amince a riƙa shigo mata da su daga Taiwan cikin tukwanensu da gansakukar da aka raine su a ciki, maimakon tsirara kamar da.

Gansakukar nan, wadda ake kira sifagnum, ita ce matsalar farko da za ka ci karo da ita. Tana riƙe ruwa ninki-ba-ninki na nauyinta. Ga mai gona wannan alheri ne, domin tsiron zai yi makonni a kwantena cikin jirgin ruwa, ya yi kwanaki a kanti ba mai kula shi, bai bushe ba. A gonar kuma akwai manyan fankoki, ga ɗumi daidai, ga ma'aikata da suka san ranar ba da ruwa. A falonka babu ko ɗaya. Sannan a zura shi cikin tukunyar ado ta tangaran marar huji, duk ruwan da ka zuba ya taru a gindi ba ka gani.

Don haka da furen ya gama zuba, zaro tukunyar roba ta ciki, ka jiƙa gindin kamar minti 10 don saiwoyin su yi laushi, ka matsa gefen robar ka fito da tsiron a hankali. Da yatsa za ka riƙa tsintar gansakukar. Sama-sama a bushe take, har tana ɓarɓashi; da ka kutsa tsakiya sai ka ji sanyi da danshi, wani lokaci har da tsamin wari. Can ƙarƙashin gindin sau da yawa za ka tarar da wani ɗan dunƙule mai tauri, ragowar mazubin da aka fara rainonsa yana jariri, saiwoyin da ke kewaye da shi duk sun yi baƙi. Matsa kowace saiwa tsakanin yatsu biyu. Mai rai da tauri take, ko da fara ce ko rawaya saboda ba ta ga haske ba, kada launi ya ruɗe ka. Matacciya ta yi laushi tiɓis, in ka ja sai rigar ta saɓule ta bar zare. Waɗannan ake yankewa, da sabuwar reza ko almakashin da aka gasa bakinsa a wuta.

A sabon mazauninsa kada ƙasa ta shiga, ko ta lambu ko ta leda da ake sayarwa. Abin da aka fi amfani da shi gutsattsarin ɓawon itacen fir ko na fayin ne, itatuwan da aka fi samu a ƙasashe masu sanyi. Inda babu shi, gutsuren ɓawon kwakwa haɗe da gawayi yana aiki, sai dai a jiƙa ɓawon kwakwar ana sauya ruwa sau da yawa tukuna, don yana zuwa da gishiri. Tukunya 'yar daidai saiwa ake so, babba tsakiyarta ba ta bushewa. Ni dai roba mai nuna abin da ke ciki, mai huji da yawa a ƙasa da gefe, nake ba sabon shiga shawara, domin ita ke barin ka ga saiwa. Ɓawon kan ruɓe ya cushe bayan shekara 1 zuwa 2, sai a sake. Saiwoyin da suka fito waje suna yawo a iska kuwa a ƙyale su, halinsu ne.

Ruwa

Tambayar kowa ita ce kwana nawa-nawa ake ba shi ruwa. Amsar "sau ɗaya a mako" da ake rubutawa a takarda wani ɗaki ta dace da shi a wata ƙasa. Tsiron da ke cikin ɓawo a Damagaram a watan Maris zai iya bushewa cikin kwana 3. Irinsa cikin gansakuka a Manchesta da sanyi zai iya kai mako 2 bai nemi komai ba. Leƙa saiwa ta jikin robar, ɗaga tukunyar ka ji nauyinta, in kana shakka soka tsinken tsire har tsakiya ka bar shi 'yan mintuna. Ya fito da sanyi da danshi, dakata.

In lokaci ya yi, a ba shi da gaske. Kai shi bakin famfo da safe ka kwarara ruwa ta cikin ɓawon ya fita ta ƙasa, ko ka tsoma tukunyar a kwano minti 10 zuwa 15, ka ɗaga ta tsane sarai kafin ta koma tukunyar ado. Ɗan yayyafi kullum-kullum shi ne mafi muni, sama ba ta bushe ba, ƙasa ba ta jiƙe ba. Da safe ake yi don ganye ya bushe kafin dare. In ruwa ya shiga zuciyar, murɗa tishu ka zuƙe shi nan take.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. Tsiron da ruwa ya yi wa yawa da wanda ƙishirwa ta dama, kamanninsu ɗaya ne daga sama: ganye ya yi laushi, ya yi layi-layi, ya sunkuya. Dalili kuwa, saiwar da ta daɗe cikin ruwa ba ta samun iskar oksijin, sai ta shaƙe ta mutu, funfuna da bakteriya su ƙarasa ta. Wanda ba shi da saiwa ba zai sha ba ko a tsakiyar kogi yake. To ganyen ƙishirwa yake ji da gaske, amma ƙarin ruwa ƙarin ruɓa ne, garin neman gira a rasa ido. Ganye ba zai bambance maka ba, sai ka leƙa ƙasa. Saiwa ta motse, azurfa ce, amma da tauri, jiƙa shi sosai. Ta yi baƙi ta yi laushi, fito da shi daga tukunyar.

Irin ruwan ma da magana. Na sama ya fi kowanne. Na rijiya ko burtsatse mai zartsi yana barin farin ɓurɓushi a kan ɓawo da bakin tukunya, kan saiwoyin ya ƙone. Wanda ba shi da wani sai shi, ya riƙa kwarara ruwa mai yawa lokaci-lokaci don wanko gishirin, ya tari na sama in damina ta zo.

Sai batun ƙanƙara. Wani kamfani a jihar Ohio ta Amurka ya yaɗa dabarar ɗora ƙanƙara guda 3 a tukunya kowane mako, aka yi ta ce-ce-ku-ce: ina ɗan daji mai ɗumi ina ƙanƙara? A 2017 masana daga Jami'ar Jihar Ohio da Jami'ar Jojiya suka wallafa gwajin da ya nuna cewa, ga tsiron da ke cikin ɓawo, ƙanƙarar ba ta rage kwanan furen ba, ba ta kuma lalata saiwa ba. Amma gwajin na 'yan watanni ne, a ɗaki mai matsakaicin yanayi. A ganina amfanin dabarar ɗaya ne, tana ɗaure hannun mai yawan zuba ruwa. Ruwan ƙanƙara 3 ba zai wanke gishirin da ke taruwa ba, a ƙasa mai zafi kuma ba inda zai kai.

Haske bai da wuyar sha'ani. Wuri mai haske sosai yake so wanda rana ba ta dukansa kai tsaye, in ban da ta sassafe. Tagar gabas ta fi, ta yamma sai da labule shara-shara. Ganye kore mai duhu sosai, haske ya yi kaɗan, zai rayu amma ba fure. Ya fara ja-ja ko rawaya, ya yi yawa. Taɓa ganyen da tsakar rana, in ka ji ɗumi a tafinka matsar da shi, don rana ɗaya ta bazara ta isa ta bar masa tabon ƙuna da ba ya gogewa.

Danshin iska kashi 50 zuwa 70 cikin 100 ya fi masa daɗi. Da hunturu a ƙasar Hausa danshin kan faɗi ƙasa da kashi 20. Na'urar sanyaya ɗaki ma busar da iska take yi, haka ta ɗumama ɗaki a Turai. Fesa wa ganye ruwa ba ya tsinana abin kirki, nan da nan ya bushe, ga haɗarin ya gangara zuciya. Gara a matso da ranakun ba da ruwa kusa, a cakuɗa 'yar gansakuka sako-sako cikin ɓawon, a tara tsirrai wuri guda, a goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma, kada kuma a ajiye shi a saitin iskar na'urar. Da damina lissafin juyawa yake, a rage ruwa, a bar fanka tana kaɗawa a hankali.

Ganye ƙato-ƙato, fure shiru

Wanda ya tsallake matakin ruɓa, tambaya ta biyu ke jiransa. Tsiro lafiya lau, saiwa ko'ina, shekara biyu babu fure. Yawancin mutane taki suke zargi, su sayo wani da aka rubuta wa "mai sa fure". Da wuya laifin ya zama na taki. Ko dai haske ya yi kaɗan, ko kuma, wanda ya fi shafar mu, zafi.

Manoman Holan da Taiwan sun daɗe da sanin haka, da shi suke juya kasuwa. Suna raino a wajen digiri 28 na ma'aunin Salshiyas, tsiron ya yi ta ganye ba fure. In suna so fure ya zo daidai da wani biki, sai su mai da shi ɗaki mai sanyi, ƙasa da digiri 25, cikin makonni kara ya leƙo. Littattafan raino da yawa kan ce sirrin shi ne dare ya fi rana sanyi. A 2006 Matthew Blanchard da Erik Runkle na Jami'ar Jihar Michigan suka wallafa gwajin da suka yi wa maganar, suka tarar zafin yini ne ke da ta cewa. Tsirran da aka ajiye a digiri 29 da rana ba su fitar da kara ba cikin mako 20, har da waɗanda ake sauke wa dare zuwa 17. Abin da suka tsaya a kai shi ne zafin yini ya kasance 26 ko ƙasa da haka.

Auna wannan da Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin Afrilu ke kai 40, a Disamba da Janairu ma, duk da dare na sanyi ƙwarai, tsakar rana kan taɓa 30 ko ta wuce. Sanyin daren hunturu shi kaɗai ba zai wadatar ba. Dabara ita ce a nemi ɗakin da ya fi kowanne sanyi da rana, mai kaurin bango ko na ƙasan bene, a ajiye tsiron kusa da taga mai haske tun ƙarshen Nuwamba, a rataye ɗan ma'aunin zafi kusa da shi, a ba shi mako 4 zuwa 6. Mai na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ta tsaya aikinsa ya yi sauƙi. Mutanen Jos da tsaunin Mambila kuwa Allah ya hutar da su. Su abin gudu shi ne daren da sanyi ya sauka ƙasa da 13, sai a shigo da shi ciki. In duk ya gagara akwai wata ƙofa. Nau'o'i irin su bellina da violacea, 'yan dazuzzukan Borneo da Sumatra da Malesiya, da 'ya'yan da aka haɗa daga gare su, ba su dogara da sanyi ba, lokacin ɗumi suke fure. Furensu ƙanana ne kuma kaɗan a kara, suna son danshi sosai, amma ga ƙanshi, abin da manyan fararen kanti ba su da shi.

Karan tsakanin ganyaye yake ɓullowa, da farko kuma yana kama da saiwa. Bambancin a kai yake. Kan saiwa zagayayye ne mai sheƙi, yawanci ƙasa yake nema. Kan kara a ɗan baje yake da tsaga, yana neman haske. Daga fitowarsa zuwa buɗewar furen farko wata 2 zuwa 3 ne ko fiye. A kafa masa tsinke tun yana ɗanye, da ƙullin furanni sun fito kuma a daina juya tukunyar, in ba haka ba kowane fure ya kalli nasa gefen.

Ƙullin da bai buɗe ba shi ya fi komai saurin fushi a jikin tsiron. Canjin wuri, bushewa, bugun iska mai sanyi ko mai zafi, duk suna sa shi ya yi rawaya ya faɗi. Sai iskar etilin, wadda 'ya'yan itatuwa ke fitarwa in suna nuna, ayaba da mangwaro da tuffa, kuma tana cikin hayaƙi. Kwandon ayaba a teburi ɗaya da orkid, hayaƙin janareto ta taga, ko kaskon turaren wuta da ake zagaya falo da shi, kowanne na iya zubar da furen da aka yi wata 3 ana jira. Uwargida ba za ta daina turare saboda fure ba, ba a ma ce ta daina ba. A dai kai tukunyar wani ɗaki sai hayaƙin ya washe.

Bayan furen ya zube, in karan ya bushe a yanke shi daga gindi. In yana kore, masu raino sun kasu biyu. Wasu kan yanke santimita 1 ko 2 sama da gaɓar da ke ƙasan inda furen farko ya fito, sau da yawa reshe ya tsiro daga nan cikin wata 2 zuwa 3, da furanni kaɗan, ƙanana. Wasu su yanke duka. Ga tsiron kanti ina tare da na biyun. An riga an tatse shi don ya yi kyau ranar sayarwa, ga sauyin wuri, ga sauyin tukunya, gara ya yi saiwa da ganye, fure ya zo baɗi. Bellina da violacea ne ba a taɓa karansu muddin kore ne, don kara ɗaya kan yi shekaru yana fure. Wanda ya sayi mai shuɗin fure kuma kada ya yi mamaki in ya dawo fari; rini ne ake yi wa karan allurarsa, duba ƙasan karan za ka ga ɗan hujin.

Taki kaɗan ya isa. Mai narkewa a ruwa, irin wanda aka rubuta wa 20-20-20, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalin, a zuba bayan saiwa ta jiƙe, mako-mako ko bayan mako 2 lokacin da sabon ganye ko saiwa ke fitowa, sau ɗaya a wata kuma ruwa zalla. Ƙwayoyin NPK na gona da kashin kaji ƙona saiwa za su yi. Ruwan shinkafa da jiƙon ɓawon ayaba da ake ta yaɗawa a TikTok da YouTube kuwa, abin da ya fi yiwuwa su kawo maka tsami da funfuna da ƙananan ƙudaje ne a tukunya.

Ƙwarin da suka fi damunsa su ne wani fari mai ɓurɓushi da ke ɓuya a hammatar ganye da bayan fure, da wani mai ɓawo ruwan ƙasa da ke manne a ƙasan ganye. Auduga da sifirit a goge su, a maimaita mako-mako sau 3 ko 4 saboda ƙwai. Abin tsoro shi ne tabo mai ruwa-ruwa da wari, wanda ke faɗaɗa cikin kwana ɗaya ko biyu lokacin zafi da laima, bakteriya ne. A yanke ganyen har cikin lafiyayyen wuri, a barbaɗa garin kirfa a bakin yankan. Kirfa ba a sa wa saiwa, busar da ita take yi. Cutar bairos ba ta da magani, kuma reza ce ke ɗaukarta daga wannan zuwa wancan, shi ya sa kowane tsiro da rezarsa. Ganyen can ƙasa shi kaɗai ya yi rawaya a hankali ya faɗi, wannan tsufa ne kawai.

Wanda saiwarsa ta ƙare ƙaf amma zuciyar na da rai bai mutu ba. A yanke karan ko da fure a kansa, a cire ruɓaɓɓun saiwoyi, a bar shi ya sha iska yini guda. Sannan a ɗora gindin kan gansakukar da aka jiƙa aka matse, a ɗaure shi da tsinke kada ya motsa, a sa cikin babbar roba ko farar leda da za a riƙa buɗewa kullum, a wuri mai ɗumi da haske ba rana. Sabuwar saiwa daga jikin gindin take ɓullowa, tana iya ɗaukar wata 1 zuwa 3. Ganyen da suka yamutse ba lallai su koma sumul ba, sabon ganye ake dubawa.

In akasin haka ne, zuciya ta ruɓe amma saiwa lafiya, a ci gaba da ba da ruwa yadda aka saba, domin sau da yawa ɗa kan fito daga gefen gindin bayan watanni. Irin wannan ɗa kan tsiro a gaɓar kara ma, musamman inda zafi ya yi yawa. Kada a yi gaggawar raba shi da uwar. Sai ya yi ganye 2 ko 3 da saiwoyi 2 ko 3 masu tsawon santimita 5 ko fiye, a yanke shi haɗe da ɗan guntun karan, a dasa a ƙaramar tukunya. Yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin furensa na farko, kuma irin na uwar ne sak.